Kwanson da Ya Maƙale: Laifin Mai Ne ko Na Awo?

A Amurka akwai maharba da 'yan gasar harbi masu ɗimbin yawa da ba sa zubar da kwanson harsashi bayan sun harba. Tsince shi suke yi, su wanke, su matse shi ya koma kamanninsa na farko, su sake cika shi ya koma bakin aiki. Sana'ar cikin gida ce mai dogon tarihi. Tun 1884 John Barlow ya kafa kamfanin Ideal yana ƙera mata kayan aiki, a 1943 Fred Huntington ya kafa RCBS a garin Oroville na jihar Kalifoniya, ga kuma Redding a jihar New York, Hornady a Nebraska da Lee a Wisconsin. Dokar tarayya ta can ta yarda mutum ya yi wa kansa. A Najeriya kuwa Dokar Makamai ta 1959 ta hana ƙera harsashi ko haɗa shi sai a inda hukuma ta keɓe ko ta ba da izini, don haka wannan zance na wata ƙasa ne da masu sana'arta. Kukan da aka fi ji daga bakinsu uku ne: kwanso ya maƙale a cikin mazubin matsi, kafaɗarsa ta fito a lotse, ko an gama aiki tsaf amma bindiga ta ƙi karɓar harsashin. Shawarar da aka fi ba mai kukan kuwa ɗaya ce, wai ya canja man da yake shafa wa kwanson. A ganina an bar jaki ne ana dukan taiki. Mai yana da laifinsa, amma laifin ba a sunan kamfanin da ya yi shi yake ba, yana ga hannun da ya shafa, kuma galibin matsalolin da ake jingina masa na awo ne da na tarihin tagullar kanta.

Sai an san abin da harbi ke yi wa kwanso kafin a gane dalili. Kwanson bindigar farauta tagulla ce, kashi 70 cikin ɗari jan ƙarfe, kashi 30 tutiya, kuma siffar kwalba gare shi: gindi mai kauri, jiki, kafaɗa, sai siririn wuya da ke riƙe kan harsashi. Ƙungiyar SAAMI, wadda aka kafa a 1926 don tsara ma'aunan makamai da harsasai a Amurka, ta ƙayyade wa harsashin .308 Winchester matsin da bai wuce fam 62,000 a kan kowane murabba'in inci ba, na .30-06 kuma fam 60,000. Da irin wannan ƙarfi kwanso yana kumbura ya manne da bangon mazauninsa a cikin bindiga, ya toshe hanyar da iska mai zafi za ta bi ta dawo fuskar maharbi. Matsin na sauka sai tagullar ta ɗan tsuke, daidai yadda za a iya zare ta, amma ba ta komawa girmanta na da. Aikin mazubi ke nan, wato bututun ƙarfe mai tauri da aka rarake cikinsa da siffar kwanso, ake ɗaura shi a kan injin hannu a tura kwanson ciki da ƙarfin tsiya. Abu uku yake yi a bugu ɗaya: ya matse jiki, ya tura kafaɗa baya kaɗan, ya tsuke wuya, sannan a wajen fitowa wani ɗan ƙwallon ƙarfe da ke kan sandar tsakiya ya sake buɗe wuyan daidai kima. Shiga ba ta da wuya, domin hannun injin yana ninka ƙarfin mutum sau da yawa yana turawa daga ƙarƙashin gindi. Fitowa ce matsala, don babu abin da ake ja da shi sai ɗan siririn leɓen da ke kewaye da gindin kwanson.

Wannan bambanci tsakanin shiga da fita shi ne sirrin maƙalewa. Busasshiyar tagulla idan ta goge busasshen ƙarfe cikin matsi sai ta kama shi, a ja hannun injin, leɓe ya yage, kwanso ya zauna daram a ciki. Tsalle ɗaya ke jefa mutum rijiya, amma fitowa sai da dabara: a kwance mazubin, a huda gindin kwanson, a yanka masa zaren sukuru, a ɗaura ƙusa mai zare a kan wani zobe ta jawo shi a hankali. Har kayan wannan aiki na musamman RCBS da wasu kamfanoni suke sayarwa, abin da ke nuna cewa ba a kan mutum ɗaya aka fara ba. To amma a lura da inda kwanso ke kamawa. Ba a wuya ba ne, ba kuma a kafaɗa ba, a ƙasan jiki ne kusa da gindi, inda tagulla ta fi kauri ta fi gardama. Nan ne kuma yatsa ya fi mantawa, domin da nan ake riƙe kwanson lokacin da ake shafa wa sauran jikin. Alamar tana zuwa tun kafin ɓarna: hannun injin yakan yi nauyin da ba a saba ba tun kwanso bai kai rabi ba. Wanda ya tsaya a nan ya ja da baya ya tsira, wanda ya ƙara ƙarfi shi ke neman abin huji.

Masu ɗora laifi a kan iri suna da hujjar da ya kamata a saurara. Sukan ce man feshi, irin su One Shot na Hornady, shi ya fi barin mutane da maƙalallen kwanso, alhali kakin Imperial da Redding ke sayarwa, wanda ake lakata da yatsa, da wuya a ji ya ba da kunya. Akwai gaskiya a ciki, sai dai dalilin ya bambanta da abin da suke zato. Man feshi ɗan maiƙo ne da aka narkar a cikin ruwan sinadari mai saurin bushewa. Na kamfanin Dillon, alal misali, maiƙon gashin tumaki ne a cikin sifirit, kuma mutane da yawa suna haɗa irinsa a gida. Ruwan sinadarin ba ya sa santsi, aikinsa ya kai maiƙon ko'ina ya ƙafe ya bar shi. Idan ba a girgiza gwangwani ba, ruwan kawai ake fesawa. Idan aka fesa daga gefe guda, ɗaya gefen a bushe yake. Idan aka tura kwanso kafin ruwan ya ƙafe, maiƙon bai zauna ba. Kaki kuwa ba shi da waɗannan matakai, kuma yana tilasta wa mutum ya taɓa kowane kwanso da hannunsa, ta haka yatsa yakan ji wanda aka tsallake. Fifikonsa ke nan: ya fi yafe wa mai gaggawa. Masu cika harsashi dubbai a kan manyan injuna da feshi suke aiki ba tare da sun maƙale ba, kuma da a ce maiƙon ne ba shi da kyau da su za su fara kokawa.

Lotsewar kafaɗa ita ce kishiyar wannan, kuma ba ta da wuyar ganewa. Mai ba ya matsuwa, don haka idan ya taru tsakanin kafaɗar kwanso da kafaɗar mazubi bai sami hanyar fita ba, tagullar ce za ta ba shi wuri. Wanda ya taɓa maƙalewa yakan tsorata ya riƙa lafta mai, washegari ya sami kwansuna masu kumatu. Kafaɗa da wajen wuya ba sa bukatar mai ko kaɗan. Mazubai da yawa suna da ɗan rami a gefe don iska da rarar mai su fita, kuma idan datti ya toshe shi lotsewar za ta ci gaba ko an rage shafawa. Ƙaramar lotsa takan miƙe da kanta a harbi na gaba, mai zurfi ko mai kaifin ninki kuwa jefarwa ake yi.

Inda maganar ta fi daɗi shi ne abin da mai ke yi wa awo, wanda ido ba ya gani. Nisan da ake so a tura kafaɗa baya ƙanƙane ne ƙwarai. A bindiga mai sakatar hannu, wato wadda ake rufe bayan harsashi da sakatar ƙarfe da hannu, ƙwararru sukan nemi kashi ɗaya zuwa biyu cikin dubu na inci, wato wajen milimita 0.05 ko ƙasa da haka, abin da bai kai kaurin gashin kai na yawancin mutane ba. A bindiga mai ɗura kanta akan ƙara zuwa kashi uku ko huɗu. Injin hannu kuma, duk da ƙarfe ne, yana ɗan miƙewa idan aka ɗora masa nauyi. Kwanson da ya sha mai daidai yana shiga cikin sauƙi ya kai ƙarshen mazubi. Wanda mansa ya yi ƙaranci yana turjewa, injin ya ɗan buɗe, kwanson ya tsaya kafin ya kai, kafaɗarsa ba ta koma inda ta ɗan'uwansa ta koma ba. Mazubi ɗaya, saiti ɗaya, amma a sami kwansuna hamsin masu tsawon kafaɗa daban-daban, wasu sakata ta rufu a kansu sumul, wasu sai an danna. Haka abin yake a cikin wuya. Idan cikinsa a bushe yake, ƙwallon buɗe wuya yakan yi ƙara yana fitowa, ya ja wuyan sama, wani lokaci har ya dawo da kafaɗar da aka riga aka tura, ko ya karkatar da wuyan. Maganinsa ɗan garin bakin fensir ko busasshen mai a cikin wuya. Abin mamaki, wankin zamani da ake yi da ruwa da ƙananan tsinkayen ƙarfe ya ƙara wannan matsala, domin yana kankare baƙin hayaƙin da a da yake zama kamar mai a cikin wuyan. Kwanso ya fito yana ƙyalli kamar sabon kwabo, amma ya fi kama ƙarfe. Saboda haka tambayar da ta dace ba wane mai ba ce, a'a, shin kwanso na farko da na hamsin sun sha daidai wa daida?

Daga nan sai matsalolin da babu ruwan mai a cikinsu. Babbarsu ita ce saitin mazubi. Mutum ya ga sakata ta ƙi rufuwa sai ya ɗauka kwanson bai sha mai ba, alhali mazubin ne bai sauka yadda ya kamata ba. Akwai wani abu a nan da ke ruɗa sabon shiga: idan mazubi ya matse jiki amma bai kai ga taɓa kafaɗa ba, tagullar da aka matse ba ta da inda za ta sai gaba, don haka kafaɗar takan ƙara tsawo fiye da yadda ta fito daga bindiga. Wato rabin matsi ya fi rashin matsi muni. Za a iya cewa ai takardar da ke zuwa da mazubi ta warware wannan, tunda takan ce a murɗa shi har ya taɓa mariƙin gindin kwanso da ke kan injin, a ƙara ɗan juyi kaɗan. Umarnin ba kuskure ba ne, amma manufarsa harsashin ya shiga kowace bindiga mai wannan awo, ba ya dace da bindiga guda ba. Mazaunin harsashi yana da iyakar ƙasa da ta sama da aka yarda da su, kuma wanda bindigarsa take kusa da iyakar sama, idan ya bi takarda ido rufe, yana iya tura kafaɗa fiye da kima a kowane zagaye. Zaren mazubi 14 ne a kowane inci, ke nan juyi ɗaya cikakke ya haura kashi 71 cikin dubu na inci, kwatan juyi kuma kusan kashi 18. Wanda ke neman kashi biyu da irin wannan zare, ba tare da ma'auni ba, lalube yake cikin duhu. Shi ya sa Redding ke sayar da mariƙan gindi masu bambancin kashi biyu-biyu, wasu kuma ke sayar da ma'aunin da ake ɗorawa a kan kafaɗa a gwada kwanson da aka harba da wanda aka matse.

Sakamakon wuce gona da iri ya fi na maƙalewa hatsari nesa ba kusa ba. Idan kwanso ya yi wa mazauninsa gajarta, a lokacin harbi gabansa yakan manne da bango, gindin ya ja baya ya cike ratar, tagullar ta miƙe a wuri ɗaya ɗan sama da gindi. Kowane zagaye wurin yana ƙara sirancewa har ranar da zai rabu biyu, iska mai zafi ta sami hanya ta baya. Alamarsa wani zobe mai haske a waje, kuma masu sana'ar sukan lanƙwasa bakin siririyar waya su shafa cikin kwanson, idan ta faɗa kwari sai su jefar da shi. Tagullar da ake matsowa kuma tana taruwa ne a wuya, kwanso ya yi ta tsawo. Na .308 iyakarsa inci 2.015, akan datse shi zuwa 2.005. Na .223 Remington iyakarsa 1.760, akan mayar da shi 1.750. Wanda ya wuce iyaka bakinsa na iya cusuwa a maƙogwaron bindiga ya danne kan harsashi, matsi ya hau. Babu man da ke maganin ko ɗaya daga cikin waɗannan.

Sai tarihin tagullar. Maƙeran tagulla na Bida da na Kano sun san cewa ƙarfen nan yana taurara idan aka yi ta bugunsa, sai an mayar da shi wuta ya yi laushi. Kwanson da aka matse sau biyar ya fi wanda aka matse sau ɗaya turjiya, yana fitowa daga mazubi sai ya ɗan koma inda ya fito. Wanda ya gauraya su a kwano ɗaya ba zai sami awo ɗaya ba ko da wane mai ya shafa. Akan gasa wuya da kafaɗa don su yi laushi, amma ba a yarda zafin ya kai gindi, domin taurin gindi shi ke riƙe matsin harbi. Kwansunan soja da ake sayarwa bayan an harba, irin na masana'antar Lake City da ke Independence a jihar Missouri, su ne suka fi cika mazubi da ciwon kai. Da yawa daga cikin na 7.62 an harba su ne a bindigogi masu sarrafa kansu waɗanda mazauninsu yake da yalwa, sun kumbura fiye da kima, don haka suna bukatar mai sosai a gindi, wani lokaci da mazubi na musamman mai ɗan ƙarin tsukewa a ƙasa. Akwai kuma tarkon da tarihi ya ɗana. Salon kunna harsashi na Baturen Ingila Edward Boxer, mai rami ɗaya a tsakiyar gindi, shi Amurka ta runguma, shi kuwa salon Ba'amurke Hiram Berdan, mai ƙananan ramuka a gefe, ya yaɗu a Turai. Tsinken mazubi, wanda ke ture tsohon abin kunna harsashi daga gindi, ramin tsakiya yake nema, idan ya ci karo da kwanson Berdan karyewa yake yi. Dubawa ɗaya da tocila cikin kwanso ta isa ta hana wannan asara.

Wasu suna ganin hanyar tsira ita ce a kauce wa mai gaba ɗaya. Sukan kawo misalin mazubi mai zoben kabaid, ƙarfen nan mai tsananin tauri da santsi, wanda ake matse kwanson ƙaramar bindiga da shi a bushe. Wannan yana yiwuwa ne don kwanson miƙaƙƙe ne, siririn zobe ke bin jikinsa yana taɓa wuri kaɗan a lokaci guda. Kwanso mai siffar kwalba kuwa jikinsa gaba ɗaya yake haɗuwa da bango, shi ya sa mazuban kabaid da Dillon ke yi wa .223 da .308 ma sai an shafa mai, amfaninsu daɗewa ne kawai. Wasu kuma sukan ce a matse wuya kaɗai a bar jiki yadda bindiga ta siffanta shi. Dabarar tana aiki na ɗan lokaci a bindiga mai sakatar hannu, amma bayan 'yan zagaye jikin yakan cika mazauni har sakata ta yi nauyi, dole a koma ga cikakken matsi, ga shi a lokacin tagullar ta ƙara tauri. Da yawa daga cikin 'yan gasar harbin nesa sun bar wannan hanya sun koma matse jiki duka a kowane zagaye da ɗan tura kafaɗa kaɗan, saboda sun fi son kowane harsashi ya zama kamar ɗan'uwansa.

Saura batun goge mai bayan an gama, inda aka daɗe ana ja-in-ja. Littattafan sana'ar sun ce a goge, domin kwanso mai santsi ba ya kama bangon mazauni, nauyin da ke komawa kan sakata ya ƙaru. Julian Hatcher, hafsan sojan Amurka da ya wallafa littafinsa na bayanan makamai a 1947, ya danganta matsalar fashewar bindiga da aka samu a gasar harbi ta ƙasa ta Amurka ta 1921 da man giris da maharba ke shafa wa kan harsashi. Masu musu sun ce kuzar da aka shafe kawunan harsasan shekarar da ita ce ta manne da wuyan kwanso, kuma suna nuna cewa an yi bindigogi irin su Schwarzlose ta Ostiriya da Breda 30 ta Italiya waɗanda da gangan suke shafa wa harsashi mai, haka ma bindigar Pedersen da ke amfani da kwanso mai kaki. Hujjarsu ta nuna cewa mai a jikin kwanso ba lallai ya fasa bindiga ba. Amma waɗannan bindigogi an ƙera su ne da sanin man, kuma adadinsa ƙayyadadde ne, ba ragowar da yatsa ya bari nan da can ba. Ragowar mai tana kwasar ƙura da yashi ta kai su cikin bindiga, wanda ya shiga cikin wuya kuma yana iya kama ƙwayoyin albarushi. Tsumma ɗaya ko ɗan lokaci a injin wanki ya raba gardama, kuma ban ga abin da ake samu a barin man da ya kai wannan 'yar wahalar ba.

Hukuncina a kan tambayar da aka faro da ita shi ne, mai yana da alhakin abu uku: maƙalewa idan ya gaza a gindi, lotsa idan ya yi yawa a kafaɗa, da bambancin awo idan ba a shafa shi bai ɗaya ba. Tsagin da ke bin tsawon kwanso na datti ne ko ɓurɓushin tagulla da ya manne a cikin mazubi, sai a wanke shi, har da sabo fil wanda ke zuwa da man hana tsatsa. Sakatar da ta ƙi rufuwa, zoben haske a gindi, wuyan da ya tsage da kwanson da ya yi tsawo, duk na saiti ne da gajiyar tagulla. Mai wannan sana'a da ke da kuɗin abu ɗaya kacal tsakanin sabon gwangwanin mai da ma'aunin kafaɗa, ma'aunin ya kamata ya saya.